Taraktar Ƙanƙara a Lungunmu

Ba zan rantse cewa komai ya faru daidai yadda zan faɗa ba. Damunan sun shiga juna a kaina, kuma akwai maganganun da ban tabbata ko a gabana aka yi su ko labari aka ba ni ba. Abin da na iya riƙewa shi zan rubuta.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a wani lungu mai gangara a Zongo, ba nisa da unguwar Alabar. Duk ruwan da aka yi a sama, a ƙofarmu yake zuwa ya sauke kayansa: taɓo, ledojin ruwan sha, wani lokaci silifas ƙafa ɗaya. Tun ina firamare masu gidajen lungun suka haɗa hannu, tifa ta kawo tsakuwa aka shimfiɗa daga bakin titi har ƙasa. Mutanenmu suna ji da wannan tsakuwa. Saboda ita ce mota take iya gangarowa har ƙofarmu ta juya.

Ban san darajar hakan ba sai da ƙodar Mma, mahaifiyarmu, ta gaza. Daga nan kowane mako sai an kai ta babban asibitin da ke wajen Bantama a yi mata wankin ƙoda, kuma idan ta dawo ko tsakar gida ba ta iya ratsawa sai an riƙe ta. Dole tasi ta zo bakin ƙofa. In taɓo ya rufe tsakuwar kuwa, direba yakan tsaya a titi ya ce in ya shiga ba zai fito ba.

Ni ne auta, ni kaɗai na rage a gida. Na karanta aikin gona a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na zauna jiran aikin da bai zo ba. Yayana yana Kanada, yana aiki a wata gona. Da na dame shi da hotunan lungun, sai ya sako mana wata tsohuwar ƙaramar tarakta a kwantenar wani ɗan unguwarmu. Mai gonar ne ya gama da ita. Aikinta a can shi ne ture dusar ƙanƙara daga hanyar tsakuwa da ta tashi daga titi zuwa gidansa. Ta zo da faffaɗan ƙarfe a gaba, wanda 'yan lungu suka sa wa suna shebur, da sarƙoƙin taya a buhu, waɗanda har yau ban san abin da zan yi da su ba.

Ranar da na fara tayar da ita, Yaya yana kallo ta waya.

Ya ce, "Leƙa ƙarƙashin shebur ɗin. Ka ga ƙarafa biyu masu kama da faranti? Takalmansa ke nan, su suke ɗaga bakinsa daga ƙasa. Mu a nan ba ma kankarewa har ƙasa. Muna barin ƙanƙara kamar yatsa biyu, in ba haka ba sai ka kwashe wa mutum tsakuwarsa ka zuba masa a ciyawa. Kar ka bar kowa ya taɓa su."

Na ce, "Yaya, ai ita ƙanƙara narkewa take yi. Taɓon da zan bari fa?"

Ya ce, "Kai ne mai digiri."

Da aka yi ruwan farko na bi maganarsa. Na ture taɓon daga sama zuwa ƙasa, na bar yatsa biyu. Lungun ya kwanta sumul, amma da santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Mai koko ta zame da bokitinta a gaban masallaci. Tasin Mma ta gangaro lafiya, wajen hawa kuma sai da aka tura.

A wurinmu ba a kiran abu shara sai an ga ƙasa. Mata sukan share ƙofar gida har sai zanen tsintsiya ya fito, wadda ta bar saura kuwa an san sunan da ake kiranta da shi. Saboda haka ban yi mamaki ba da Alhaji, dattijon lungun, wanda shi ya jagoranci kawo tsakuwar tun asali, ya gangaro yana dafa bango.

Ya ce, "Injiniya, wannan shara ka yi ko shafe? Ina tsakuwarmu?"

Na ce, "Tana ƙasa, Alhaji. Ina ganin idan aka sauke shebur ɗin sosai, wataƙila ya riƙa tafiya da ita. Mai yiwuwa ba nan da nan ba."

"Wataƙila ko tabbas?"

"Ban taɓa gwadawa ba, Alhaji."

"To, a gwada mana. Jiya uwarka a tsakiyar hanya ta tsaya, samari suna tura ta kamar buhun gawayi. Abin da ɗan'uwanka ya aiko ke nan daga ƙasar Turawa? Motar da ba ta son taɓa ƙasa?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Alhaji ya aika aka kira mai walda na bakin titi. Ƙusoshin takalman sun ci tsatsa, Yaya ya ce gishirin da ake zubawa a hanyoyinsu ne, sun ƙi kwancewa. Mai walda ya yanke su da wuta.

Ƙarar shebur a kan tsakuwa tana shiga haƙori. Amma da na gama, lungun ya fito tas, duwatsun suna ƙyalli, mata suna yi mini sannu daga ƙofofinsu. Tasi ta shigo ta fita ba turi. Mma ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Ya kamata in faɗi wannan, domin adalci ga Alhaji: waccan damina ita ce mafi sauƙi da Mma ta yi tun da ta kwanta. Ba ta rasa zuwa asibiti ko sau ɗaya ba.

Sai dai ni nake tara taɓon a ƙarshen lungu kafin masu aboboya, babur ɗin nan mai akori, su zo su kwashe, kuma ina ganin abin da ke cikinsa. Na haɗa rariya da waya na fara tace tsakuwar ina mayarwa. Abin da nake cetowa a yini bai kai abin da shebur yake ɗauka a wucewa ɗaya ba. In rana ta fito kuma taɓon yakan bushe ya riƙe duwatsun gam.

A damina ta gaba, ko wadda ta biyo ta, jar ƙasa ta fara leƙowa a tsakiyar lungun. Ruwa ya same ta ya fara haƙa. Na kai wa mai walda takalman ya mayar da su, amma a kan jar laka nutsewa kawai suke yi. In na bar taɓo, santsi. In na kankare, ramin ya ƙara zurfi. Na je wurin Alhaji da maganar sabuwar tsakuwa. Ya tsufa sosai a lokacin. Ya ce in sha Allahu bayan Sallah za a zauna. Yawancin waɗanda suka haɗa hannu da farko sun rasu, 'ya'yansu suna Accra ko waje, 'yan haya ne a gidajen. Na saman lungu kuma ruwa ba ya kwana a ƙofarsu. Ba a zauna ba.

Direban da yake ɗaukar Mma mutum ne mai haƙuri. Ranar da ƙasan motar ya daki gefen ramin, ya fito ya duba, ya ce, "Braa, ɗan'uwana, ba don Mma ba, da tun bara na daina shigowa. Motar ba tawa ba ce."

Daga nan a kujerar roba muke ɗaukar ta zuwa titi, ni da telan da ke haya a gidanmu. In ruwa ya yi yawa ba ma iya fita, sai ranar asibiti ta wuce, ƙafafunta su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Wata safiya ƙafar tela ta zame. Ba mu yar da ita ba, amma hannun da ake sa mata allurar wankin ya bugi bango, kuma ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa wannan hannun shi ne rayuwarta.

Ƙanwar Mma tana da ɗaki a Oforikrom, a bakin kwalta. Ya fi nisa da asibiti, sai an ratsa cunkoson gari, amma mota tana isa ƙofa. Mma ta daɗe tana ƙi. Ta ce a tsakar gidan nan aka yi wa Baba wankan gawa, a nan take so a yi mata. Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Ka lallashe ta." Na lallashe ta, kuma ban san ko daidai na yi ba.

Ranar da za ta tafi ba a yi ruwa ba. Kayanta sun riga sun wuce a aboboya. Muka ɗora ta a kujerar, maƙwabta suka fito suna cewa sai ta dawo, tana amsawa da in Allah ya so. Yanzu tana can. Ba ta rasa ranar asibiti, ba ta kuma yawan magana. In na je takan tambayi kowa a lungun, gida-gida daga sama, ta tsaya kafin ta kai namu.

Ni nake riƙe da gaban kujerar a ranar, bayana ne a wajenta har muka kai titi. Tela ya ce ba ta waiwaya ba. Mai koko ta ce ta waiwaya, har ta ɗaga hannu. Duk wanda yake tsaye a lungun a wannan rana, ko ya tuna wani abu ba yadda na rubuta ba, don Allah ya sanar da ni in gyara. Ina gidan, na ƙarshe.