Bachis, Mai Share wa Roka Hanya

Bachis Murgia bai taɓa ɗora hannu a kan roka ba, amma cikin shekara goma sha tara da ya yi yana aiki da sansanin gwaji na Foghesu, babu wadda ta tashi sai ya ce tudun da makiyaya ke kiwo ya zama fayau.

Ɗan makiyayi ne, auta, garken gidansu kuwa ya tafi ga yayansa. Yana zaman jiran abin yi injiniyoyin Roma suka iso da dogayen bututunsu, za su harba sama su auna iska. Damuwarsu ɗaya: abin da ya hau sai ya sauko, kuma inda ƙarafan za su zubo nan tumakin mutane ke kiwo. Suka aika soja da takardar gargaɗi, makiyaya suka naɗe cuku da ita. Sai wani ya ce a nemo Bachis, shi ya san kowace bukka da mai ita.

Shi ba ya zuwa da takarda. Saura kwana uku harbi zai hau jakinsa, ya isa bukka, ya zauna, ya ci gurasa da cuku, ya tambayi ruwa da ciyawa. Sai ya miƙe zai tafi zai ce, "Af, ranar Alhamis ku ɗan gangara kwari mana." A tudun nan ba a ba namiji umarni a ƙofar bukkarsa. Matarsa Mallena takan ce aikin gwamnati bai ƙara masa komai ba sai tumbi.

Sau ɗaya tak abin ya so ya gagare shi, a sanyin 1961, lokacin babbar rokarsu ta farko. Kowa ya amsa, ban da tsoho Larentu.

Bachis ya ce, "Kawu, yini ɗaya ne fa."

"Kakana bai matsa wa sarki ba, ni zan matsa wa bututu? Ci cukunka, ɗan aiken Roma."

Bachis ya ci. Yana tauna yana kallon garken: tumaki kusan arba'in sun haihu cikin makon, 'ya'yan ko tsayuwar kirki ba sa yi. Ɗan Larentu ya tafi aiki Jamus, gwiwar tsohon kuma ta kumbura. Ba taurin kai ba ne, ba zai iya saukar da su shi kaɗai ba, kuma gara ƙarfe ya faɗo masa a ka da ya faɗi haka.

A sansani Injiniya Ferrante ya ce, "Gobe da azahar in yana nan, soja za su ɗauko shi."

"Ranka ya daɗe, in soja suka taɓa shi, ba bukkar da za ta ƙara ba ni wurin zama. Ka bar ni da shi."

Al'adar tudu ce, in garken mutum ya halaka, kowane makiyayi ya kawo masa tunkiya ɗaya, ba tare da ya roƙa ba. Bachis ya sake zagaya bukkoki yana cewa, "Yau ba tunkiya ake nema ba, kafaɗa ce. Kuma kada wanda ya ce taimako ya zo yi."

Da hantsi mutum goma sha ɗaya suka ɓullo gaban bukkar Larentu, kowa da ƙaryarsa. Wannan akuyarsa ce ta ɓata, wancan hanya ce ta biyo da shi. Ɗaya ya sunkuya ya saɓa ɗan tunkiya a wuya.

"Kawu, wannan ya yi nauyi. Me kake ba uwar?"

"Abin da ubanka bai iya bayarwa ba. Riƙe ƙafafun da kyau, ba buhu ba ne."

Shi ke nan. Kowa ya saɓa biyu, iyayen suka bi kukan 'ya'yansu, aka yi sawu biyu. Larentu ya zo ƙarshe a kan jakin Bachis, yana yi wa kowa faɗa har kwari.

Rana na faɗuwa rokar ta tashi. Ƙasa ta girgiza, tumaki suka cure wuri ɗaya, can sama kuma wani jan gajimare ya buɗe a hankali. Larentu ya daɗe yana kallo.

"Duk wahalar nan don a yi wa sama fenti?"

"Iska suke aunawa, Kawu."

"Da sun tambaye ni." Ya murza gwiwarsa. "Yaushe ne na gaba?"

"Bayan bikin Ista, in ji su."

"To, ka zo ka faɗa mini da bakinka. Zan sauko."