Gidajen da Kurciya Ta Ƙi

Malam Yahaya, wanda duk Limancin Kona ke kira Bahago, ya yi aikin gwamnati a sashen rabon gidajen ma'aikata har ya yi ritaya. Duk zamansa a ofishin nan bai taɓa miƙa wa mutum makulli ya ce ba ya so ba. Sai da furfura ta gama cin kansa ya gamu da masu raina gida, su ma masu fiffike.

Abin daga alheri ya faro. Autansu Sagiru, da Allah ya buɗa masa a Abuja, ya ce ba zai bar iyayensa cikin ginin ƙasa ba. Aka shafe katangu da siminti, aka toshe kowane rami, aka sare dalbejiyar tsakar gida don saiwarta na fasa daɓe, aka kafa fanka a baranda. Gida ya yi fes, maƙwabta suka yi ta shigowa sa albarka. Kurciyoyi da gwarare da suka gaji ramukan katangar kaka da kakanni, ba wanda ya shawarce su. Suka tattara nasu ya nasu suka bar gidan.

Bahago bai lura ba. Matarsa Hajiya Sa'adatu ce ta lura, domin ciwon suga ya daɗe da cinye mata ido, da kunne take ganin gidanta. Kukan kurciya ke gaya mata hantsi ya yi, hayaniyar gwarare ke gaya mata an zubar da tsaki a bakin murhu. Yanzu sai shiru. Ta daina fitowa baranda, ta rage cin abinci, ta koma kwanciya da rana.

"Hajiya, ki fito ki sha iska mana."

"In fito in yi me, Malam? Ciki da waje duk ɗaya ne. Gidan nan ya koma kamar asibiti."

Bahago mutum ne da ya yarda kowace matsala ta muhalli tana da magani. Ya tafi wurin wani kafinta a Ƙofar Gayan, ya sa aka ƙera masa ƙananan akwatuna, kowanne da ƙofarsa da ɗan rufinsa. Ya shafa musu shuɗin fenti, ya jera su a katanga kai ɗaya kamar kwatas ɗin ƙananan ma'aikata. Ya zuba gero a faifai, ya cika kasko da ruwa, ya ja kujera ya zauna jiran masu nema.

Masu nema sun zo. Kajin maƙwabta suka cinye geron. Wani jan gwada ya tare a akwatin tsakiya da iyalinsa, kullum yana leƙowa yana gyaɗa kai, alamar ya gamsu da wurin. Tsuntsu kuwa ko ɗaya. Abokan Bahago na majalisar ƙofar masallaci suka samu abin yi.

"Bahago, yaya 'yan haya? Ko ka tsawwala kuɗin ne?"

"Ku bar shi, takardunsu yake dubawa."

Ya sauya gero da dawa, ya koma gero. Ya kankare fentin da aka ce warinsa ke korar su. Ya dasa zogale a tsohon bokiti. Hajiya dai tana ɗaki tana ramewa, shi kuma ya fara jin tsoron da bai iya faɗa wa ko Sagiru ba.

Wata safiya, bayan ya tabbata ba kowa a zaure, dattijon nan mai jikoki ya raɓe bayan randa, ya dunƙule hannuwansa a baki, ya yi kukan kurciya. Ya yi shiru, ya sake. Washegari ma ya yi. A kwana na gaba ya ji motsin sanda, sai ga Hajiya ta lallabo ta zauna a tabarmar baranda. Daɗi ya kama shi, ya ƙara ƙaimi.

"Malam," ta ce, "wannan kurciyar taka a kai ta kemis. Tari take yi."

Ya sauke hannuwansa daga baki.

"Kuma ban taɓa jin kurciya mai warin man zafi ba." Ta gyara mayafinta. "Ci gaba. Ban ce ka daina ba."

Haka suka yi ta yi. Kowace safiya shi yana bayan randa, ita tana tabarma tana gyara masa karatu: ya ja na farko, ya sassauta na ƙarshe, kada ya yi gaggawa. Har ta koma shan kokonta a wajen.

Cikin bazara, lokacin da zafi ke hana mutum sakat, wata rana aka kawo wuta. Bahago ya miƙe zai kunna fanka, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Akwai wani a sama."

Ya ɗaga kai. A kan kwanon fankar, inda sandarta ta shiga rufi, ga 'yan tsinke an tara ba tsari ba fasali, aikin da ba injiniyan da zai sa wa hannu. A kai kurciya ta lafe, tana kallonsa da ido ɗaya. Akwatunansa na jere a katanga taku kaɗan daga nan, ko kallo ba su ishe ta ba.

Ya nemo salatif ya liƙe makunnin fankar, ya ɗauko mafici ya zauna kusa da matarsa. Gumi na bin wuyansa yana yi mata fifita. Can sai ta sama ta yi kuka, a hankali, ta ja na farko, ta sassauta na ƙarshe.

Hajiya Sa'adatu ta karkata kai tana saurare har aka gama. Sannan ta laluba ta kama hannun rigarsa.

"Gobe ka fito da ni tun da sassafe," ta ce. "Ina so in ji ranar da za ta ƙyanƙyashe."