Yadda Muka Daina Kokawa Da Gungume

Wanda bai taɓa aikin katako ba yana tsammani yankan ne wahala. Ba shi ba ne. Injinmu ƙarami ne, irin wanda ake turawa da hannu a kan dogo, zarto yana cin itace kana bin sa a baya kamar mai rakiyar baƙo. Wahalar tana zuwa ne idan ka share fuska ɗaya, domin dole a juya gungumen a share ta biyu, a sake juyawa, har ya yi kusurwa huɗu kafin a fara fitar da katako. Itacen malaina ba shi da gardama. Amma ɗanyen maɗaci, wannan sai ka gaishe shi da ladabi kafin ka taɓa shi.

Rumfarmu tana bayan Kubwa, can inda kwalta ta gaji ta tsaya. Mu biyu muka haɗa ta, ni da abokina, ɗan ƙabilar Tibi daga Binuwai. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, wannan ya ba ni lasisin wasan Fulani da Tibi, ina tambayarsa labarin shanuna kowace safiya, shi kuma ya ce sun yi daɗi a miya. Ran Juma'a shi ke jiran rumfa, ran Lahadi ni. A waɗannan ranaku gungume yana hutawa, don mutum ɗaya ba ya juya shi.

Kayan juyinmu sanduna biyu ne masu kauri, kowace da ƙugiyar ƙarfe a wuya. Ka cafki gungumen da ƙugiyar, ka sa kafaɗa a sandar, ka tura har idanunka su ga taurari. Ni nake kama kai, shi gindi. Na yi masa bayani a ilmance cewa nauyinsu ɗaya ne, kuma da yake na kai aji huɗu kafin ni da malamin lissafi mu rabu baram-baram, sai ya yarda. Ko kuma ya ƙyale ni.

Haka muka tsufa a kan sandunan nan, har aka yi wa abokina aikin ƙaba. Da ya dawo, ya ce ai ɗan ɗinki ne kawai, tela ma ya fi haka. Amma na ga yadda yake dafe mara idan ya ɗauka ba na kallo.

Wata Lahadi matarsa ta biyo ta rumfa daga coci, da ɗaurin kai kamar rufin rumfar kasuwa. Tana sayar da doya a kasuwar Gudu, kuma ko direbobin tirela ba sa yi mata musu.

Ta ce, "Baba Alhaji, ka zauna, ina da magana."

Ban je Makka ba, ita ta naɗa ni. Na zauna.

"Likita ya ce kada ya ɗauka nauyi, ko kaɗan. In na ji ya juya itace ɗaya, zan saka shi mota a tashar Jabi, sai gida. Ya je ya zauna ƙarƙashin lemo. Ka ji ni?"

Na ce, "Madam, shi kin gaya masa?"

"Wancan? Kunnen shi katako ne."

Na san ba wasa take ba. Na kuma san in na ce masa ya ajiye sanda don ƙarfinsa ya ƙare, gobe zai ɗauki gungumen a ka don ya ƙaryata ni. In kuwa ya tafi, da wa zan yi faɗa? Saboda haka ran Litinin na wayi gari da ciwon baya. Na shigo ina ɗingishi, ina salati, ina dafa ginshiƙi.

Ya ce, "Ɗan Fillo, madara ta ƙare a jikinka?"

Na ce, "Oga, ni dai na bar kokawa da itace. In ba a nemo dabara ba, sai ka nemi wani abokin."

Ya yi mini dariya har da tari, sannan ya ce saboda tausayin tsoho zai yarda.

Da farko muka gwada jak na tirela. Jak kuwa ɗagawa ya iya, ba juyawa ba. Ya ɗaga gefen gungumen, ya zame, gungumen ya koma mazauninsa yana kallonmu. Sai na tuna sarƙar nan da makanikai suke ciro injin mota da ita, wadda suke kira cen-bulok: ka ja siririyar sarƙa da hannu, babbar ta ɗaga abin da ƙato goma ba za su iya ba. Muka samo tsohuwa a panteka. Mai walda ya kafa mana turaku biyu na ƙarfe, ya gicciya wani a sama daidai kan dogon, muka rataye ta.

Dabarar ita ce a naɗe gungumen da babbar sarƙa, a kafa ƙugiya can ƙasa a ɗaya gefen, in an ja sai ya mirgina ya jingina da ƙarafan da ke tare shi. Ni na ja ragamar naɗin farko, a matsayina na mai ilmi. Na naɗa ta baibai. Gungumen ya mirgino ta inda babu abin tarewa, ya sauko ƙasa, ya bi ta kan butar alwalata. Buta ce ta kirki, ba ta taɓa yoyo ba. Abokina ya cire hula ya yi mini ta'aziyya.

Da muka gane hannun, aiki ya zama kamar jan guga. Saura matsala ɗaya: da gungume ya ɗan cije, sai hannun mutumin ya tafi neman sanda. Na kwashe sandunan na kai wa kafinta, suka dawo a matsayin ƙafafun benci. Ya zage ni da yarensu, na ce amin.

Labari ya kai wa Madam cewa mijinta yana juya maɗaci. Ba a gaya mata da me ba. Ta iso da rana tsaka, ko gaisuwa babu.

"Baba Alhaji, me na gaya maka?"

Abokina ya fara, "Mama, ki tsaya ki..."

"Kai, yi shiru. Ba da kai nake ba."

Akwai wani ƙaton maɗaci a kan dogo, an riga an naɗe shi. Na miƙa mata siririyar sarƙar, na ce ta ja. Ta harare ni, ta ja da hannu ɗaya, jakarta na rataye a ɗayan. Sarƙa ta yi ƙarar-ƙarar, gungumen ya ɗaga kafaɗa a hankali, ya yi tunani, ya kwanta gum a kan sabuwar fuska.

Ta dubi tafin hannunta. Ta dubi mijinta.

"Wannan ne aikin da kuke zuwa gida kuna nishi?"

Na ce, "Ai akwai lissafi a ciki, Madam."

"To, ya zauna. Amma shi ne mai jan wannan, ba wani abu ba." Ta ajiye jakar. "Sake ɗaura mini."

Ba a yanka fuskar da ta juyo ba tukuna, amma muka sake naɗa mata. Ta juya, ta ce a ƙara. Muka zauna a benci ni da abokina muna kallo, har ta zaga da gungumen ya dawo yadda ta same shi, domin mai iya hana ta bai zo aiki ba ranar.