Macijin da Rabi ta hana ni ɗauka

Ina da shekara tara Iya, kakarmu, ta baro Kano ta zo ƙasar waje, unguwar Wangsa Maju, ta zauna da mu, lokacin Ummana na fama da karatun digirinta. Ta taho da Rabi, 'yar kawuna, sa'ata. Bayan magariba Iya kan hura garwashi a kaskon turare a baranda, mu kewaye ta. Gefen cinyarta wurina ne, Rabi ta ƙwace. Hausarta tsab, tawa rabi Turanci rabi "boleh lah" ɗin yaren mutanen ƙasar. Kafin in gane abin dariya, sun gama darawa. Wallahi na tsane ta.

Wata rana Iya ta ba mu labarin manomin da ya tsinci sarkin macizai a rumbunsa, baƙi mai zoben fari. Macizai yake ci, ba ya taɓa mutum. Manomin ya ƙyale shi, gidansa ya huta da sara. Maƙwabcinsa ya ji hassada, ya bazama daji neman nasa. Iya ta rage murya: "Amma akwai mai kama da shi sak, mai mugun dafi, ana gane shi da..." Ta faɗi wata kalma da ban sani ba. Rabi ta gyaɗa kai. In tambaya a gabanta? Allah ya kiyaye! Na tashi fuu na shige ɗaki.

Bayan kwana biyu, da aka ɗauke ruwa, na gan shi a bakin kwalbatin bayan gidanmu, baƙi da zobba. Na ce yau Iya za ta san wace ce jikarta. Ina miƙa hannu Rabi ta fizgo ni har na faɗi.

"Ke mahaukaciya ce? Dubi ƙashin bayansa, tsini ne da shi!"

Mai gadi ya zo ya leƙa, ya ja da baya yana salati. Da yamma Iya ta yi ta shi wa Rabi albarka, ni kuwa ko tuwo na ƙi ci.

Yanzu duk Asabar ina hawa duwatsun bayan gari da kyamara, macijin nan daga nesa nake gane shi. Iya ta rasu a Kano, kanta a cinyar Rabi. Bara na haɗiye girman kai na kira Rabi, na ce ta ƙarasa min labarin. Ta ƙarasa, da muryar Iya sak, har da tarin da take yi a tsakiya. Na yi godiya, na kashe wayar. Ita ta ceci raina, na sani, amma har muryar ma ita aka bar wa.