Waƙar da Na Yi wa 'Yar Mutane

Ni ba mawaƙiya ba ce. Malamar firamare ce ni a Gumel, kuma iyakar waƙar da aka san ni da ita ita ce wadda nake jera yara a layi da ita da safe. Amma shekarar da 'yata ta fari ta gama karatun ungozoma aka tura ta aiki asibitin Ɗanzomo, wani farin ciki ya tokare min ƙirji, na rasa inda zan sauke shi.

A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko kallonsa ma a sace take yi. Haka na taras, haka na bi, kuma na bi da ƙarfina. Tun da aka yaye yarinyar mahaifiyata ta ɗauke ta, ta tashi a can tana ce min Yaya kamar yadda ta ji ƙannena suna cewa. Ni kuwa "ke" ne sunanta a bakina. Ranar da ta dawo da labarin ta ci jarrabawa, babanta ya yi ta sa mata albarka har muryarsa ta dushe. Ni abin da na iya ce mata shi ne ta kwashe takalmanta daga bakin ƙofa. Ina son ta san ina alfahari da ita, bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Ina tankaɗe wata rana waƙar ta zo min da kanta. Na yi ta maimaitawa ƙasa-ƙasa har maƙwabciyata ta jiyo ta katanga. 'Yar Damagaram ce, mijinta na fataucin dabbobi a kasuwar Maigatari, kuma ba ta san a ji abu a yi shiru ba. Ta zagayo ta zauna, ta sa na rera mata daga farko. Da na gama ta ce wannan ai kado ce, kyauta ke nan a bakinsu, kuma kyauta ba a barin ta a gindin rariya, sai dai mu sa ta a waya. Ba ta tambaye ni wa na yi wa ba, ni ma ban faɗa ba.

Ɗaukar ce ta nuna min ashe aikin waƙa ba wasa ba ne. Mun fara a tsakar gida, akuyata ta shiga amshi ba a gayyace ta ba. Muka koma falo, masu keke suka cika mu da hon daga titi. A ƙarshe ɗakin ajiya muka shige, tsakanin buhunan gero da na riɗi, muka toshe taga da tsohon bargo, muka jingina waya a jikin mudu. Maƙwabciyata ta kifa ƙwarya a cikin ruwan baho tana kaɗawa da ludayi, ni ina bayarwa tana amsawa, gumi na bin mu har gadon baya. Da na saurari ɗaukar farko na rantse ba muryata ba ce, wata tsohuwa ce mai mura. Maƙwabciyata ta ce duk Gumel haka suke jina tun da, ni kaɗai ce ban sani ba.

Maigida da farko ya ɓata rai, ya ce shi dai kada fuskar iyalinsa ta fita duniya. Na ce murya ce kawai. Kafin la'asar sai ga shi a ƙofar ɗakin da carbinsa, yana ba da shawarar a rage ƙarfin ƙwaryar, wai tana danne baiti. Mutumin da ya yi ritaya daga sakatariya bai taɓa ko tafi a biki ba.

Amshin waƙar cewa yake:

Yarinyar mutane ta yi ƙoƙari,
Ni dai daga nesa nake kallo,
Allah kai ladan ga masu ita.

Duk baitocin haka suke. Na cire suna, na cire asibiti, na cire Ɗanzomo, na cire duk abin da zai sa a nuna ni a ce ga wadda ta yabi 'yar farinta. A raina kuwa na tabbata ita za ta gane.

Na tura a guruf ɗin matan danginmu, na kife wayar na shiga kicin. Kafin na sauke tuwo saƙonni sun cika ta. Wata malama abokiyar aikina ta ɗora ta a intanet da hoton fulawa, daga nan kuma ta fi ƙarfina. Wani da ban sani ba ya rubuta cewa mai ƙwaryar ta fi mai waƙar, maƙwabciyata ta sa aka yi ta karanta mata wannan. Wata daga Gagarawa ta roƙi izini ta sa a walimar 'yarta. Direbobin Maigatari suka tura wa junansu. Na ji daɗi ƙwarai, har tafiyata ta canja a makaranta.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a makon nan ne autata ta yi saukar Alƙur'ani. Auta kuwa ba a kunyarta, sunanta ko a kasuwa kira nake. Tana jin waƙar ta ce tata ce, ta bi ƙawayenta tana shelar Umma ta yi mata waƙa, dangi kuma suka amince. Sai ga saƙon murya daga Ɗanzomo.

"Yaya, na ji waƙar auta. Ta yi daɗi sosai, Allah ya ƙara basira."

Babu ko ɗigon haushi a muryarta, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Ko a ranta ba ta kawo cewa zan iya yi mata ba. Na ji haushin auta, na ji haushin dangi, na fi jin haushin wayon da na yi.

Ranar Asabar na ce wa maigida zan kai mata yaji da kuka Ɗanzomo, na hau mota. Na same ta da fararen kayan aiki, mata suna ta gaishe ta da girmamawa, tsofaffi ma malama suke ce mata. Ta kai ni ɗakinta ta zuba min abinci. Duk hanya na zo da maganar a shirye, amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa gishirin miyar ya yi yawa. Ta ce to, za ta rage. Haka muka wuni.

Da yamma ta rako ni tasha riƙe da jakata. Na shiga mota na zauna gefen taga, ita tana tsaye a waje tana jiran mu tashi. Direba ya kunna waƙoƙinsa, ta biyu sai ga ƙwaryar maƙwabciyata. Wata dattijuwa 'yar unguwarmu da ke kujerar baya ta leƙo ta gane ni, ta sanar da duk motar cewa ga mai waƙar nan a zaune. Aka yi ta juyowa ana kallona. Sai ta dafa kafaɗata.

"Malama, don Allah wace yarinya ce kika yi wa? An ce autarki."

Na kafa idona a ƙeyar direba.

"Ba auta ba ce," na ce, da ƙarfin da za a ji daga waje. "Wata ce mai karɓar haihuwa a asibitin garin nan. Ba na faɗin sunanta."

Duk macen da ke cikin motar ta san wace 'ya ce ba a faɗin sunanta. Dattijuwar ta dubi mai fararen kayan da ke bakin taga, ta dube ni, ta ce Allah ya yi mata albarka, mata suka amsa da amin. Ta wutsiyar ido na ga yarinyar ta ja hijabinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Direba ya ja mota, ni kuma ban waiwaya ba. Sai da muka iso Gumel na lura jakata tana can a hannunta, ita ba ta miƙo ba, ni ban karɓa ba.