Injin Da Ya Riƙa Gaishe Da Inna A Madadina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya zama in rubuto muku, kuma don Allah a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun kwamfuta, ɗan Dandin Mahe ta ƙasar Shagari da ya shigo birni ya ga ya iya taɓa inji, kansa ya kumbura. Mahaifina ya rasu tun ina sakandare, Inna ce ta riƙe ni da ƙuli-ƙulinta da ɗan abin da gonar albasarmu ta fadama ke kawowa. Ni ne ɗanta na fari, ni kaɗai ne kuma Allah ya raya mata. Kun san alkunyar ɗan fari a wajenmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In za ta kira ni sai ta ce kai yaro, in tana ba da labarina sai ta ce wancan ɗan bokon. Ba ta taɓa cewa ta yi kewata ba, sai dai in na zo hutu in tarar da fura a dame tun ban cire takalmi ba.

A wannan shekarar aka fara koya mana abin da muke kira gajimare, wato ka ɗora aikinka a kan manyan kwamfutocin wasu kamfanoni da ke can wata uwa duniya, ko ka kashe taka aikin yana ci gaba. Aka haɗa mana da darasin tsara aiki ya riƙa tafiya da kansa. Ka rubuta manhaja, inji ya gwada ta, ya kai ta hannun jama'a, kai kana can kana kurɓar shayinka. Kai, abin ya tafi da ni! Malaminmu, wani dattijo mai sanyin magana, kullum sai ya ce duk abin da mutum ya yi sau biyu da hannu, na ukun inji ya kamata ya yi. Wannan kam na haddace ta kamar karatun allo. Amma yakan ƙara da cewa kowane inji yana da kundin da yake rubuta duk abin da ya faru, kuma wanda ya tayar da injin ban-ruwa ya tafi bai waiwayo ba, ko albasa ta ruɓe ko ta bushe. Wannan kuwa ta kunnen dama ta shiga, ta hagu ta fita.

Al'adarmu da Inna ita ce duk Juma'a in an sauko masallaci in kira ƴar ƙaramar wayarta. Hirar ba ta da tsawo. Ina wuni, yaya gida, yaya karatu, Allah shi yi albarka, shi ke nan. Da aka ce kowa ya kawo aikin gwaji, sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai wannan gaisuwa ma abu ɗaya ake maimaitawa kowane mako. Na zauna na rubuta gaisuwa kala-kala, ta damina daban, ta sanyi daban, ta azumi daban, kowace na rufe ta da cewa karatu ya yi yawa amma ina nan tafe in sha Allahu. Na ɗora su a gajimare, na haɗa da wata lamba da ake haya don tura saƙo, na saita wa injin Juma'a da ƙarfe uku. Inna ba ta karanta boko, amma akwai wata malamar asibiti da aka turo ƙauyenmu aiki, tana zaune a ɗaki ɗaya cikin gidanmu, na san za ta karanta mata. Aikin ya ci maki mai kyau. Na riƙa yi wa abokaina burga cewa ni ko barci nake, mahaifiyata tana samun gaisuwata. Suka yi ta tafa mini, ni kuma gaula ina washe baki.

Da farko ina haɗawa da kira. Daga baya kiran ya koma bayan mako biyu, ya koma wata-wata. Ana haka aka toshe layina saboda matsalar rajista, na sayi sabo, na ce gobe zan kira gida in ba su lambar. Goben nan ita ce ba ta zo ba. Hutu ya zo na tsaya birni horon aiki, ina ta gaya wa kaina cewa ai gaisuwa na zuwa, in na kammala na riƙa mata komai. Daga jami'a zuwa gida tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba, amma na shafe wata biyar ban taka ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa a gida yanzu lambar injin nan ita kaɗai suka sani a matsayin tawa ba.

Wata Laraba da hantsi ina ɗakin kwamfuta aka ce wata mata na nemana. Na fito na ga malamar asibitin nan, hijabinta duk ƙura, tun safe take bi sashe-sashe tana tambayar sunana. Ba ta ko amsa gaisuwata sosai ba, ta ce in ɗauko takalmina, Inna na Bodinga gidan kawuna yau mako uku, can aka kai ta don kusa da likita, kuma jikin ya yi tsanani. A mota ta yi ta faɗa mini magana. Ta ce sun kira lambata har sun gaji ba ta shiga, ta ce wane irin ɗa ne za a rubuta masa uwarsa ba ta iya tashi, ya amsa da yaya ruwa, yaya shuka. Ta ce tun tuni ta so zuwa, Inna ce ta hana, wai kada a tayar wa yaro hankali yana jarrabawa, ai ga shi bai taɓa fashin gaisuwa ba. Da ta ce wa Inna amsoshin nan ba sa tafiya da abin da aka rubuta, sai Inna ta kare ni, ta ce ɗan fari ne, kunya gare shi kamar ta, yana ji ba ya dai iya faɗi. Mun sauka Bodinga bayan la'asar, muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta.

Ranar Juma'a aka yi sadakar uku. Bayan an sauko masallaci na shiga cikin gida in gaishe da mata masu zaman makoki. Ina durƙushe sai wayar Inna ta yi ƙara a hannun malamar. Ta duba, ta ɗago ta dube ni da hannuwana biyu a kan gwiwa ba waya, sannan ta miƙo mini. Ni ne. Ina tambayar Inna ina wuni, ina gaya mata ina lafiya, karatu ya yi yawa amma ina nan tafe in sha Allahu. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. A nan gaban matan na faɗi gaskiyar abin da na yi. Malamar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce to duk amsoshin da Inna ke sa ta rubutawa kowace Juma'a, ina suka tafi.

Sai a lokacin na tuna da kundin da malaminmu ke faɗa. Na zagaya bayan gidan ƙarƙashin wata dalbejiya na buɗe shi a wayata, karon farko tun da na tayar da injin. Ga su nan a jere, ba mako ɗaya da ya faɗi. Akuya ta haifi biyu. Ruwa ya kayar da katangar gabas. Ta ajiye mini ƙuli-ƙuli mai yaji a tulu, kada in daɗe ya yi sanyi. Tarin da nake yi da na zo, ya tafi? Can ƙasa ta fara cewa ƙafa na ɗan kumburi amma ba komai. Abubuwan da ba ta iya faɗa mini ido da ido, ashe ta samu inda take faɗa, ta ce gidan ya yi mata faɗi, ta ce takan dama fura ta manta ba na nan. Saƙon ƙarshe gajere ne. Ta ce in ina da hali in zo ta gan ni, ko na yini ɗaya. A farkonsa kuma ga sunana. Malamar ta ce ita ma ta yi mamaki, da bakinta Inna ta faɗe shi, ta ce a rubuta shi haka, wataƙila in ya ga sunansa ya taho.

Yau shekaru sun wuce, da wannan ilimin nake ci nake sha, ban kuma ce ilimi ne mara kyau ba. Laifina ne, ba na inji ba. Na kashe shi tun ranar, amma kundin yana nan, duk Juma'a sai na buɗe na karanta ɗaya, ina ƙoƙarin jin yadda sunana ya fito a muryarta, muryar da aka kira ni da ita sau ɗaya tak ban kuwa ji ba. Ina kewar Inna, kewar da ba ta da magani. Da na sani ƙeya ce. Na gane cewa gaisuwa ba tura magana ba ce, tsayawa ce ka ji amsa, kuma da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ba su yi ƙarya ba.

Ƴan'uwana ɗalibai, ku koyi aikin nan da kyau, ku ba inji duk wahalar da ya iya ɗauka, amma kada ku ba shi iyayenku. Wanda duk mahaifiyarsa ke raye, ya ajiye mujallar nan yanzu ya kira ta. In ta ce lafiya lau, kada ka yi saurin kashewa, ka sake tambaya. Ni kuma ku sa Inna cikin addu'a, Allah shi jiƙanta, shi yafe mini.