Ba Kafinta Muka Binne Ba

Ina shanya a gidana na unguwar Bani Harisa a Madina wayar falo ta yi ƙara. Yaya Bashir ne. "Hajara, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan la'asar aka sallace shi a Harami, aka kai shi makwancinsa.

Mahaifinmu, Malam Idi, goge yake ƙerawa. Na faɗa da babbar murya, domin kwana uku na zaman makoki ina jiyo Yaya yana ce wa baƙi, "Najjar ne, kafinta." Kafinta! Ko kujera ɗaya Baba bai taɓa haɗawa ba.

Da ya zauna a Madina, sana'ar ta yi masa gardama. Ƙwaryar da alhazai ke kawo masa don ƙoƙon goge, zafin garin ya fasa ta. Bai haƙura ba. Ya sassaƙa ƙoƙon da itace, ya rufe da fatar damon da makiyayan Khaibar ke kamo masa. Wani alhaji ɗan ƙasar Sin ya zana masa gogen garinsu a bayan ambulan, mai ƙusar da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Shekara biyu Baba yana feƙe ƙashin raƙumi kafin tasa ƙusar ta zauna. Yakan ce, "Ban canja masa harshe ba, zaman Madina na koya masa." Izgar doki ce kawai ya ƙi sauyawa da zaren roba, ya ce roba ba ta iya kuka ba.

Masu gyaɗa kai a zaman makokin nan, da gogensa suka aurar da 'ya'yansu, ƙofa a rufe. Babu wanda ya gyara wa Yaya zance. Wallahi ban yafe wannan shirun ba tukuna.

Rana ta biyu ta makokin na tarar da Yaya yana cusa gogunan a baƙaƙen ledoji, zai kai kwandon shara. Na ce, "Yaya, aikin shekara talatin ne fa!" Ya ce, "Aib, ya Hajara. Me maƙwabta za su ce? Khalas, magana ta ƙare." Ɗaya kaɗai na iya fitarwa a ƙarƙashin abaya, wanda Baba bai gama ba, ko tsirkiya babu.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya raya jikokinsa. Yaya kuwa, Allah Ya ba shi 'ya'yan da ba za su ji kunyar faɗin sana'arsa ba ranar da ya kwanta. Amin.